Injin busa ganye ya shigo Zango: ina ƙurar za ta, ina batirin zai kwana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan wani inji da ya fara yawa a unguwanninmu na Zango a nan Kumasi, wato injin busa ganye mai aiki da batir, wanda samari ke kira bulowa. A 'yan shekarun baya sai a gidajen masu hali na Nhyiaeso da Ahodwo, ko a harabar manyan otal, za ka gan shi. Yanzu kuwa daga Aboabo zuwa Asawase har Sawaba ana jin kukansa da safe, a masallatai da makarantu da wuraren wankin mota. Galibin masu riƙe da shi ba wanda ya zaunar da su ya karanta musu takardar da ta zo cikin kwalinsa. Ni ma haka na fara, kuma abin da hakan ya jawo mini shi ya sa na ɗauki biro.

Ni tsohon direba ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina jan motar kaya tsakanin Kumasi da Tamale da Bawku, har ciwon baya ya sauke ni. Yau shekara bakwai ke nan da jama'ar unguwa suka damƙa mini kula da harabar masallacinmu da makarantar Islamiyyar da ke jikinsa. A harabar akwai darbejiya biyu da wani tsohon mangwaro mai faɗin kai. Ba a banza ake ce wa Kumasi birnin lambu ba, itace ni'ima ne gare mu, amma daga watan Disamba, in hunturu ya sauko, ganye kan zuba kamar ana zazzage buhu. Da tsintsiya nakan yi awa biyu a duƙe, in na zo miƙewa sai na dafa bango.

Ƙanena da ke zaune a Bronx ta Amurka ya zo gida hutu, ya tarar da ni ina shara hannu ɗaya a ƙugu. Bai ce mini komai ba. Bayan wata huɗu sai ga gangar kaya ta iso daga Amurka, cikin kayan da ya aiko har da wannan inji, da batir ɗaya da caja. Allah ya saka masa da alheri. Sharar awa biyu ta koma ta minti ashirin, kuma a tsaye nake yin ta. Saboda haka kada wani ya ɗauka na zo kushe injin ne. Ina son sa, ba kuma zan so a raba ni da shi ba.

Ranar da ya iso, ranar muka yi asarar farko. Jikana ya ɗauki cajar, ya ga bakinta bai dace da soket ɗinmu mai ido uku ba, ya nemo adafta ya jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba muka ji tas, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Na kai ta wurin wani yaro mai gyaran kayan lantarki da na sani tun yana koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ya juya bayanta, ya sa farce a kan wani ɗan mitsitsin rubutu, ya ce, "Baba, karanta nan." An rubuta 120V. Ya ce, "Wutar Amurka ke nan. Tamu ta Ghana 230 ce. Kun ɗora mata kusan ninki biyu na abin da za ta iya ɗauka." Adafta siffar baki kawai take canjawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Duk wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da kaya daga Amurka ko Kanada, ya juya bayan cajar tukuna. In ya ga 100–240V, ya jona hankali kwance. In 120V kaɗai ya gani, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta isa ɗaukar nauyin cajar. Kayan da suka fito daga Ingila ko Jamus ko Italiya ba su da wannan matsala, don wutarsu da tamu ɗaya ce.

Wannan asarar kuɗi ce kawai, an mayar. Ta biyun ita ce har gobe in na tuna nake jin nauyinta.

A bakin ƙofar masallacinmu akwai wata baiwar Allah da ta fi shekara goma tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Mijinta ya rasu, da wannan tukunya take ciyar da yara huɗu. Safiyar da na fara aiki da injin sosai, tsakiyar hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙayau. Na danna shi har ƙarshe, ina jin daɗin yadda ganye ke gudu a gabana, na kora komai wajen ƙofa. Ban ɗaga kai na ga abin da ke tashi sama ba. Ina kashewa sai na ji ta ce, "Baba Alhaji, don Allah zo ka gani." Na je. Ta nuna mini tiren taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda. Duk jar ƙura ta kwanta a kai, har da ɓurɓushin busasshen ganye a cikin shito, miyar barkonon da ake ci da shi. Mutum uku da ke layi da kwanukansu suka juya suka tafi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baba, yau abincin yarana ka share."

Na biya abin da na iya, ita kuma ta yafe sauran. Da maganar ta kai kunnen Liman, bayan azahar ya kira ni gefe. Ya ce, "Alhaji, kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, haka ya zo a hadisi. Amma kai ba kawar da shi ka yi ba, ƙofar maƙwabciya ka kai shi." Tun ranar na gane cewa wannan inji ba ya kwashe datti. Tsintsiya tana tara shi a gabanka kana gani. Shi kuwa ganyen kawai yake tara maka, ƙurar ya ɗaga ta sama, iska ta kai ta inda ba ka aike ta ba.

Kuma ƙurar tsakar unguwa ba ƙasa ce zalla ba. A cikinta akwai busasshen kashin kaji da na awaki, da kakin da mutane suka tofar, da tokar gawayi, da abin da ya bushe a bakin kwata. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta yi mini bayani cewa ƙurar da ido ke gani hanci kan tare mafi yawanta, amma mai laushin nan da ke rataye cikin iska kamar hayaƙi, ita ke wucewa can cikin huhu. Cikin masu sallar asuba da mu akwai wani dattijo mai asma, akwai kuma yara ƙanana da ke shigowa makaranta da ƙarfe bakwai. Ta hana ni amfani da takunkumin yadi da ya rage mana tun lokacin korona, ta kawo mini mai lamba N95, wanda ke manne wa fuska ba ya barin kafa a gefen hanci. Wanda aka rubuta wa FFP2 ma aikinsu ɗaya.

Ga yadda nake yi yanzu. Kafin in taɓa injin, ni da jikana mukan ɗauki butoci mu yayyafa wa harabar ruwa, ba har ta yi caɓi ba, daidai yadda ƙura za ta kwanta. Sai in tsaya in dubi ganyen darbejiya in ga inda iska ta nufa, in ba ta baya. Bakin bututun a ƙasa yake, ina kaɗa shi dama da hagu a hankali kamar mai shara, a kan ƙarfi mafi ƙanƙanta. Busasshen ganye ba ya bukatar guguwa. Ƙarfin ƙarshe sai ga ganyen mangwaron da ya jiƙe ya manne da siminti, shi ma daƙiƙa kaɗan. A ƙaramin ƙarfi caji ɗaya kan gama mini harabar har ya yi saura, a babban ƙarfi kuwa ko kwata na awa ba ya kaiwa. Ina korar ganyen ne zuwa lungun katanga na ciki, nesa da ƙofa. Gefen mai waakye kuwa, taku goma daga teburinta, tsintsiya ce mai wurin har yau.

Akwai wurare biyu da na ga ana shiga da injin, ina roƙon a daina. Na farko cikin masallaci. Na ga samari suna busa kafet da shi ranar Alhamis don shirin Juma'a. Ƙurar ba ta fita, tashi take ta cika ɗakin, bayan awa ɗaya ta sake kwanciya a inda goshi da hanci za su sauka. Kafet injin zuƙe ƙura yake so, ko a fitar da shi rana a kakkaɓe. Na biyu sito da ɗakin ajiyar hatsi, inda ɓeraye ke kwana. Zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, har ta hanyar shaƙar ƙurarsu, kuma a farkon 2023 an tabbatar da ɓullarsa a Accra. Irin wannan wuri a jiƙa shi da ruwan bilic, a sa safar hannu a kwashe.

Sai maganar ido. Iskar da ke fita daga bakin bututun nan, bisa abin da aka rubuta a kwalin nawa, ta haura gudun kilomita 150 a awa. Ni da na yi rayuwata a kan titi na san abin da tsakuwa ke yi wa gilashin mota a ƙasa da wannan gudu. Yara kuwa ba abin da ke burge su kamar injin nan. Sai su zagaye ka suna, "Baba, busa mini! Baba, busa mini!" Wata rana na ajiye shi a kan benci da batirin a jiki, na shiga ɗauko buhu. Wani ɗalibi ɗan shekara goma sha biyu ya ɗauka ya auna ƙafar abokinsa da wasa. Ƙaramar tsakuwa ta tashi ta sami yaron a ƙarƙashin idon hagu, tazarar ɗan yatsa ɗaya tsakaninta da ƙwayar idon. Na ga jini na gangarowa kan farar rigarsa, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Allah ya tsare, ɗinki biyu aka yi masa. Amma ni na tsaya gaban mahaifinsa ina ba da haƙuri, don ni na bar injin da ransa.

Tun daga nan, in zan ajiye shi ko na minti ɗaya ne, sai na zare batirin. Takardar injin ta ce mutane da dabbobi su yi nisan mita 15, wato kamar taku ashirin na babba. In yaro ya shigo cikin wannan tazara, ɗaga yatsa nake daga kunamar har ya wuce. Ni kaina ba na kunna shi sai da gilashin kare ido mai rufe gefe da gefe, irin na masu aikin ƙarfe. Tabarau na karatu ba ya tare abin da ya zo ta gefe. Kafin in fara kuma nakan zaga in tsince fasasshiyar kwalba da ƙusa da murfin lemo da hannu. Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne.

Tufafinmu ma abin dubawa ne. Injin yana zuƙar iska ta baya ko ta gefe da ƙarfin da yake fitar da ita ta gaba. Sau ɗaya gefen jallabiyata ya manne a ragar bayan, injin ya canja murya, ya fara ɗumi a hannuna. Babbar riga, jelar rawani, gyale, hijabi mai tsawo, carbin da ke rataye a wuya, duk abin da ke lilo zai iya shiga. 'Yan'uwa mata da ke aikin shara a makarantu da ofisoshi su ɗaure mayafinsu tamau su cusa bakinsa ciki.

Ƙararsa ba ta kai ta irinsa mai shan fetur ba, amma a babban ƙarfi tana da wani siririn kuka mai shiga kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Awon da kowa zai iya yi shi ne, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai a toshe kunne. Mai aikin minti ashirin irina haɗarinsa kaɗan ne. Waɗanda nake ji wa su ne samarin da ke yini da shi a gidajen manya da wuraren wankin mota, suna canja batir bayan batir. Ji in ya tafi ba ya dawowa. Kuma ko ba don kunnenka ba, bayan sallar asuba akwai mai jego da ba ta runtsa ba, akwai wanda ya dawo daga aikin dare. Ni sai gari ya waye sosai nake kunnawa.

Wani abu da na gani da idona a bakin titi: mai tsire yana hura gawayi da injin. Wutar ta kama nan take, gaskiya ne, amma tartsatsi ya yi ta tashi har kan rumfar leda ta maƙwabcinsa, ga tukunyar gas ta mai shayi a gefe. Haka masu hura wutar bola da shi. Garwashi, toka mai zafi, wurin da aka zubar da fetur, kada a kusance su da wannan inji.

Yanzu bari in zo kan batir, don shi ne ya fi hana ni barci. Ni da na saba da batirin mota, na ɗauka duk batir ɗaya ne: ka cika shi, ka bar shi a cike, in ya yi sanyi ka ƙara masa ruwa. Wannan na litiyam ne, irin na cikin waya, sai dai ya ninka shi girma sau da yawa, kuma halinsa dabam. A cikin robar akwai ƙwayoyi masu kama da batirin tocila, an jera biyar-biyar. Kowace ƙwaya volt 3.6 take bayarwa (volt, wato V, shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), biyar suka zama 18. In an cika su fal sukan kai 20, shi ya sa wani kamfani ke rubuta 18V wani ya rubuta 20V, alhali abu ɗaya ne. Kada mai shago ya ƙara maka kuɗi a kan wannan. Lambar da ke nuna daɗewar caji ita ce mai Ah a gabanta. Mai 2Ah ƙwaya biyar gare shi, mai 4Ah ko 5Ah galibi ƙwaya goma, don haka nauyinsa ya kusa ninka na farkon.

Da na san wannan da wuri, da ban sayi abin da na saya ba. Na so in sami na biyu don in ɗaya ya ƙare in sa ɗaya. A wata kasuwa cikin gari aka nuna mini wani, launi ɗaya da nawa, an rubuta 6Ah da manyan baƙaƙe, kuɗinsa bai kai rabin na asali ba. Na ji shi sakayau a hannu, amma araha ta rufe mini ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wata biyu ya yi. Wani dare na jona shi a ɗakin ajiya na masallaci, inda tabarmi da kafet da allunan yara da kwalayen littattafai suke, na kulle na tafi gida da niyyar in cire da asuba. Har na kwanta sai na tuna na bar wayata a kan taga. Da na buɗe ƙofar, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce ya tare ni. Na haska tocila. Robar batirin ta yi laushi ta lanƙwashe a gefe ɗaya, ina jin wani ɗan sauti kamar tayar da ta yi faci tana sace iska. Na kashe wuta daga babban makunni na waje, na tura shi cikin bokitin ƙarfe da shebur, na fitar tsakiyar fili nesa da komai. Na zauna a bakin baranda ina kallon bokitin har aka kira sallah.

Bayan kwana biyu yaron nan mai gyara ya zo ya buɗe shi a fili, da safar hannu. Ƙwaya biyar ce kacal a ciki, launinsu ma ba ɗaya ba, ya ce da alama daga tsofaffin batiran kwamfuta aka ciro su. Babu 'yar wayar da ke auna zafi ta gaya wa caja ta tsaya. Ya ce, "Baba, in ƙwaya ɗaya ta kama, ita ke kunna ta kusa da ita, haka har su ƙare, kuma ko ta mutu tana iya sake tashi." Kada wani ya ce zai buɗe nasa ya gani, wannan aikin masu sana'ar ne.

Edita, ka san yadda gidajenmu na Zango suke: ɗaki goma sha biyar, iyali takwas, ƙofar fita ɗaya, lungun da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Duk ɗan Kumasi yana tune da gobarar kasuwar Kejetia ta watan Maris 2023 da ta Adum ta watan Maris 2025. Ban kawo su don in ce batir ne sanadinsu ba. Na kawo su don mun ga da idonmu abin da wuta ke yi a wuri mai cunkoso. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Shi ya sa yanzu caji da rana nake yi, ina wurin, a kan dandaɓen siminti, ba kan katifa ko tabarma ko kujerar soso ba, ba kuma a bakin ƙofar da mutane za su bi su fita ba. Da ya cika in cire. In an ɗauke wuta, kamar yadda muka saba da dumsor, nakan zare cajar daga bango, don wutar kan dawo da ƙarfi. Batirin da ya fito daga aiki da ɗumi sai ya huce a inuwa kamar rabin awa kafin in jona shi. Ba a sa shi a firij, ba a zuba masa ruwa don ya yi saurin hucewa. Takardar nawa ta ce kada a yi caji in zafi ya wuce digiri 40, kuma ɗakin kwano marar silin a watan Fabrairu da Maris, ko cikin motar da aka rufe a rana, yana wuce haka. Kowane batir da cajar kamfaninsa. Adaftar da ake sayarwa don batirin wani kamfani ya hau injin wani, ni ban yarda da ita ba. Haƙoran ƙarfen da ke bakin batirin kuma, in makulli ko ƙusa ko kwabo ya haɗa su, nan take zai yi zafi, saboda haka ba a jefa shi aljihu ko akwatin kayan aiki tsirara. Da damina, lokacin da ganye ya ragu, nakan ajiye shi da rabin caji, ido biyu cikin huɗun da ke nuna caji a jikinsa, a wuri busasshe, in duba shi bayan wata biyu. Barin sa a cike fal ko a ƙare ƙaf na tsawon watanni yana rage masa kwana.

Wanda ya ga batirinsa ya kumbura, ko ya tsage bayan ya faɗi, ko yana yoyo, ko yana zafi ba a aiki da shi, ya daina amfani da shi ranar. In kuwa ya fara hayaƙi, kada a ɗauka da hannu, kada a tsaya shaƙar hayaƙin don guba ne. A fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112.

Kula da injin kansa ba wuya. Batir a waje tukuna, kullum, kafin yatsa ya kusanci fankar. Duk ranar Asabar nakan sa tsohon burushin haƙori in goge ragar da yake shan iska, don ƙurar hunturu da zaren leda kan toshe ta, in ta toshe kuwa na'urar da ke juya fankar ke wahala. Jikinsa da busasshen tsumma nake gogewa. Ruwa, fetur, kananzir, ba ɗaya da ke taɓa shi, kuma ba na fita da shi cikin ruwan sama. In na ji yana karkarwa a hannu fiye da yadda ya saba, ko muryarsa ta canja, to wani abu ya maƙale a fankar ko ta tsage, sai in kashe in duba. Bututun in tabbatar ya zauna daram. In na gama, injin a rataye a ƙusa inda hannun yaro ba ya kaiwa, batirin kuma a wani wuri dabam.

Ganyen da aka tara fa? Na ga masu kora shi kai tsaye cikin kwata, su ga ƙofarsu ta yi fes su shige gida. Mu mutanen Aboabo mun san inda yake tafiya. Yakan haɗu da ledar ruwa ya toshe hanya, sauro ya samu gida, in ruwan Yuni ya sauko rafin Aboabo ya cika ya shigo wa mutane ɗaki. Ranar tsaftar ƙasa da aka soma a 2014 bayan annobar kwalara, da shebur muke fito da shi, baƙi ƙirin yana wari. Nawa a rami nake zubawa bayan makaranta, ina yayyafa masa ruwan alwala, bayan 'yan watanni ya zama taki, malaman makaranta na ɗiba don lambun alayyafo da tumatir. Abin da ya yi saura in ɗura a buhu in ba masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na kwasar shara.

Roƙona biyu ne. 'Yan kasuwar da ke shigo da waɗannan injuna su ji tsoron Allah su daina haɗa su da batiran jabu, kuma su ɗauki minti biyar su yi wa mai saye bayani da Hausa ko Twi, don takardar da ke cikin kwali da yawanmu ba za su iya karanta ta ba. Na biyu ga hukuma. A 2016 Ghana ta yi dokar kula da shara mai haɗari da ta kayan lantarki, doka mai lamba 917. Batirin litiyam ba na zubawa a bola ba ne, don in motar shara ta matse shi ko aka cinna wa bolar wuta, fashewa yake. Ina roƙon hukumar kare muhalli da majalisun Kumasi da Asokore Mampong su ajiye mana wurin karɓar matattun batira a cikin Zango, kusa da jama'a, a kuma sanar a masallatai da rediyo. Nawa na jabun nan yana nan bayan makaranta cikin bokitin ƙarfe, an naɗe bakin ƙwayoyin da salatif, yashi ya rufe su, na kifa tsohuwar tasa a kai saboda ruwan sama. Ranar da aka buɗe wurin, ni zan fara kai nawa.

Wassalam.

Naka,
Mai kula da harabar wani masallaci,
Aboabo, Kumasi